Zaɓen Manhajar Wasiƙu ta Kwamfuta Domin Aikin Yau da Kullum

Malamin jami'a ko na kwalejin horon malamai ba ya rabuwa da wasiƙa. Ta wasiƙa ɗalibi yakan aiko da babin kundinsa a duba masa, ta nan editan mujalla yakan komo da gyare-gyare, ta nan kuma ake samun sanarwar taro da amsar abokin bincike wanda ke wata ƙasa. A da irin waɗannan takardu sukan taru cikin fayil a kabad, ko mutum ya bar aiki suna nan, in dai gara ba ta ci ba. Yanzu kuwa kusan dukansu na imel ne, kuma da yawa daga cikin masu su ba su san takamaiman inda suke ajiye ba, balle su san wanda ke da ikon share su. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda manhajojin wasiƙu da ake girkawa cikin kwamfuta suke aiki, a gwada fitattunsu da juna, sa'an nan a nuna wadda ta fi dacewa da mai rubutu da Hausa.

Hanya biyu ta karanta wasiƙa

Wasiƙar imel ba ta zuwa kwamfutar mutum kai tsaye. Tana sauka ne a wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana, wadda ake kira saba, ita ce kamar gidan waya inda kowa ke da akwatinsa. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai mutum ya buɗe burauza ya shiga shafin Gmail ko Yahoo ya karanta, watau kamar ya taka zuwa gidan waya ya karanta wasiƙarsa a tsaye ya mayar cikin akwati. Ko kuwa ya girka wata manhaja a kwamfutarsa, ta zame masa masinja da akawu gaba ɗaya, ta je ta ɗauko, ta jera, ta adana, in ya rubuta amsa ta kai. Wannan ta biyu ita ce ake magana a kanta a nan.

Hanyar burauza ce ƙarama a shekaru. Ray Tomlinson ya aika da wasiƙa daga wata kwamfuta zuwa wata a Amurka a 1971, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ domin raba sunan mutum da sunan gidansa. Hotmail ba ta fito ba sai 1996, Gmail kuwa sai 2004. Tsakanin nan duk da manhaja ake aiki. Amma tun da wayar hannu ta yawaita, mutane da yawa sun tashi ba su san wata hanya ba sai burauza da waya, har suna ganin girka manhaja wahala ce marar dalili.

Dalilan kuwa suna nan. Mai manhaja yana iya karanta tsofaffin wasiƙunsa, ya rubuta amsa goma, alhali intanet ta yanke. Sa'ad da ta dawo su tafi gaba ɗaya. Wanda ke aiki inda layi ke zuwa yana ɗaukewa, ko inda yake sayen data da kuɗin aljihunsa, ya san darajar wannan. Yana kuma iya tara akwatin makaranta da nasa na kansa da na ƙungiyar da yake wa sakatare a wuri guda. Mafi girma duka, wasiƙun suna iya zama a hannunsa, ba a hannun wani ba.

Ka'idojin ɗauka da kaiwa

Kafin a gwada manhajoji, wajibi ne a fahimci ka'idoji 3 waɗanda dukansu suke bi, domin yawancin asarar da akan ɗora wa manhaja daga rashin sanin waɗannan take. Ta kaiwa sunanta SMTP, Jon Postel ya tsara ta a 1982, ba ta kuwa da wata rigima. Na ɗauka su ne biyu. POP, wadda aka fara a 1984, siffarta ta uku ta fito a 1988, aikinta shi ne ta kwaso wasiƙu daga saba ta zuba cikin kwamfuta, bisa asali ma ta share na can. IMAP kuwa, wadda Mark Crispin ya ƙirƙira a Jami'ar Stanford a 1986, tana barin wasiƙu a saba, abin da ke cikin kwamfuta ya zama kamar hotonsu a madubi. In an karanta a ofis, waya ma za ta nuna an karanta. In an share a waya, ya ɓace a ofis.

IMAP ce ta dace da mai na'ura fiye da ɗaya, kusan kowa ke nan yau. Amma a nan ne tarkon yake. Malami yakan ga wasiƙunsa na shekara goma jere cikin kwamfutarsa ya ɗauka ya mallake su, ashe madubi yake kallo. Ran da makaranta ta rufe akwatinsa sabo da ya yi ritaya ko ya koma wata jami'a, ko ran da aka share abin da ke saba bisa kuskure, manhaja tana iya bin sahu ta share nata, domin abin da aka gina ta ta yi ke nan. Akwatunan kyauta ma ba su da tabbas na har abada: tun Disamba 2023 kamfanin Google ya ba kansa ikon share asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba. Za a komo kan maganin wannan a gaba.

Akwai hanya ta huɗu, ta kamfanin Microsoft, ana kiran sabarta Exchange, tana haɗa wasiƙa da kalanda da littafin adireshi na ma'aikata duka. Makarantar da ta ɗora wasiƙunta a kan Microsoft 365 da ita take aiki, kuma wannan kaɗai yakan taƙaita zaɓin malami.

Sai batun shiga. A da manhaja takan riƙe kalmar sirri ta miƙa wa saba duk sa'ad da ta je. Manyan kamfanoni sun bar wannan: Google ya daina karɓa ga asusun jama'a a Mayu 2022, Microsoft ya fara rufewa ga asusun ma'aikatu a Oktoba 2022, ga na Outlook.com kuma a Satumba 2024. Abin da ya maye gurbi shi ne OAuth 2.0, inda mutum ke shiga sau ɗaya ta shafin kamfanin, a ba manhajarsa wata shaida ta riƙe. Tsohuwar manhajar da ba ta san wannan ba, kome kyanta, ta zama masinjan da ba a buɗe masa ƙofa, sai dai in kamfanin ya yarda a yi mata wata kalmar sirri ta musamman.

Matsalar haruffa masu ƙugiya

Ga inda bukatar mai Hausa ta rabu da ta Bature. An gina imel bisa jerin haruffa 128 da ake kira ASCII, waɗanda suka ishi Turanci, ba su ishi kusan kowane harshe ba. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y. Wanda ya yi aiki da tsohuwar tafireta ya san irin wannan rashi, sa'ad da akan buga k a bi da alƙalami a ɗora mata ƙugiya. Ba kuwa ƙawa ba ce ƙugiyar nan. Ita ce ta raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, daidai da ɗaiɗai. Mai karanta labari yakan gane daga zubin magana, amma malamin da ke aika jerin kalmomi ga mai haɗa ƙamus, ko tambayoyin jarrabawar ka'idojin rubutu ga abokin aikinsa, ba shi da wannan mafaka.

Abubuwa 3 suka gyara lamarin, duk a farkon shekarun 1990. Unicode ta fito a 1991, ta ba kowane harafi na duniya lambarsa, har da na Hausa manya da ƙanana. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, watau hanyar rubuta waɗannan lambobi wadda ba ta ɓata tsohon ASCII. A shekarar nan dai Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da MIME, ka'idar da ta ba wasiƙa damar ta faɗi a goshinta da wane jerin haruffa aka rubuta ta, ta kuma ɗauki hoto ko fayil.

Yadda ɓarnar takan auku yana da sauƙin ganewa. A UTF-8 harafin k bait 1 ne, amma ƙ bait 2 ne. In manhajar mai aikawa ta yi wa wasiƙa shaidar ƙarya, ko ta mai karɓa ta ƙi duba shaidar ta karanta da jerin haruffan Yammacin Turai na Windows, sai ta ɗauki bait biyun nan haruffa biyu ne dabam, ƙasa ta koma Æ™asa. Wannan yana gyaruwa, gama lambobin suna nan, karatun ne ya karkace. Thunderbird ma tana da umurni na gyaran haruffa domin irin wannan. Wadda ba ta gyaruwa ita ce in manhajar mai aikawa ce ta rasa inda za ta sa harafin ta musanya shi da alamar tambaya tun kafin ya tashi. Nan kam ?asa ta tafi ke nan, babu mai sanin ƙasa ce ko ɓasa sai wanda ya rubuta. In kuwa ɗan akwati fanko ya bayyana a gurbin harafi, wannan ba laifin wasiƙa ba ne, salon haruffan da ke kwamfutar mai karatu ne ba shi da shi. Salon haruffa ba ya tafiya tare da wasiƙa. Mai aikawa yana iya zaɓen Charis SIL ya ga rubutunsa tsaf, amma na'urar mai karɓa da abin da take da shi za ta nuna.

Manhajojin da ake ci gaba da gyara su yau duk sun san UTF-8. Sai dai akwai wurare 3 da tsohon ciwon yakan ɓuya: kan magana, da sunan mai aikawa, da sunan fayil ɗin da aka liƙa, sabo da kowannensu da ka'idarsa dabam da ta jikin wasiƙa. A tsohuwar Outlook kuma manhaja ce ke zaɓen jerin haruffa da kanta, don haka ya fi kyau a shiga saituna a tsayar mata da UTF-8 sau ɗaya a huta.

Masu nazarin harshe suna da ƙarin nauyi, domin sukan sa alamar karin sauti da ta tsawon wasali, wani lokaci biyu a kan wasali guda, kamar ā̀. Unicode tana yin haka ta ɗora alama bisa alama, kuma ba kowane salon haruffa ne ke daidaita su ba. Masu Ajami kuma nasu ya fi wuya. A 2016 ne Unicode ta ƙara fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu, kuma ƙungiyar SIL ta yi salon haruffa mai suna Alkalami bisa hannun Kano, da wani mai suna Harmattan. Amma rubutu daga dama zuwa hagu yana bukatar manhaja ta juya sakin layi. Tsohuwar Outlook tana yi in an ƙara mata Larabci cikin harsunanta, Apple Mail tana da wurin zaɓen alkiblar rubutu, Thunderbird kuwa ta daɗe tana dogara da wani ƙari da akan girka mata dabam. Shawara dai ita ce, nassin Ajami ko misalan da aka sa wa karin sauti, in muhimmai ne, a liƙa su cikin PDF, wanda shi yana ɗauke da haruffansa.

Manhajojin kansu

Ya kamata a fara da wadda ta mutu, domin akwai darasi a tarihinta. Steve Dorner ya rubuta Eudora a Jami'ar Illinois a 1988, kamfanin Qualcomm ya karɓe ta a 1991, ta zama abar ƙaunar malaman jami'a a ƙasashe da yawa. A 2006 kamfanin ya daina gyara ta. Masu ita da yawa suka ƙi saki, amma ba ta taɓa ƙwarewa a Unicode ba, duniya kuma ta yi gaba da sababbin ka'idojin tsaro. Abin da ya cece su shi ne ta ajiye wasiƙunsu cikin siffar da waɗansu manhajoji ke iya karantawa. Microsoft ma ya binne nasa da dama: Outlook Express, da Windows Live Mail wadda aka daina tallafa wa a Janairu 2017, da Mail ta Windows 10 da 11 wadda aka yi sallama da ita ran 31 ga Disamba 2024. Manhajar wasiƙu ba ta kai tsawon aikin malami ba. Wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 30 lalle zai sake manhaja kafin ya yi ritaya, watakila sau uku.

Outlook ta fito tare da Office 97, kuma yau abu biyu ne ke amsa wannan suna, abin da ke rikita mutane ƙwarai. Tsohuwar, wadda ke zuwa da Office na kuɗi, babu kamarta wajen aiki da Exchange: kalandar sashe, kiran taro, ba sakatare izinin duba akwatin shugaba, duk a nan ta fi ƙarfi. Tana aiki sosai ba tare da intanet ba. Aibinta na farko shi ne tana tara kome cikin fayil guda mai suna PST, siffar Microsoft ce, ba kowace manhaja ke buɗe ta ba sai da dabara. Kafin Outlook 2003 wannan fayil ba ya wuce gigabait 2, ba ya kuma riƙe Unicode. Wanda har yanzu yake jan irin wannan tsohon fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta ya kamata ya juye shi cikin sabo. Na biyu, in an bar ta a kan siffar rubutu irin tata, mai karɓa da wata manhaja yakan tarar da wani abu mai suna winmail.dat maimakon takardar da aka aiko masa. Kamfanin ya ce zai tallafa mata har 2029 aƙalla.

Sabuwar Outlook, wadda aka saki ga kowa a 2024, kyauta ce amma da talla ga wanda ba ya biya, kuma a gaskiya shafin intanet ce aka sa wa rigar manhaja. Ta fito da rauni wajen aiki ba intanet da wajen buɗe PST, ana ta ƙara mata kaɗan kaɗan. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, in an haɗa ta da akwatin da ba na Microsoft ba, ba ita ke zuwa ɗauko wasiƙu kai tsaye ba. Sabar Microsoft ce ke ɗauka ta riƙe kwafi. Mujallar c't ta Jamus ta fito da wannan fili a Nuwamba 2023. Malamin da akwatinsa ke ɗauke da sakamakon jarrabawa, ko rahoton sirri a kan ƙarin girman abokin aiki, ko hirar da ya yi da mutanen da ya yi wa alkawarin ɓoye sunansu, ya kamata ya san ya shigo da na uku cikin zancen.

Thunderbird 'yar gidan Mozilla ce, masu Firefox, fitowarta ta farko cikakkiya a Disamba 2004. Ta sha wuya: a 2012 Mozilla ta janye yawancin ma'aikatanta daga kanta, aka yi shekaru masu sa kai ne ke riƙe da ita, har mutane suka fara yi mata ta'aziyya. A Janairu 2020 aka kafa mata kamfani nata, MZLA Technologies, ƙarƙashin Gidauniyar Mozilla, kuɗinsa kuwa kusan duka daga gudummawar masu amfani da ita. Daga nan ta farfaɗo, aka sa mata kulle wasiƙa na OpenPGP a 2020, aka sake mata fuska a 2023, aka yi ta Android a 2024, a ƙarshen 2025 kuma ta fara karɓar wasiƙun Exchange da kanta, ko da yake a wannan fanni ba ta kamo Outlook ba. Kyauta ce, babu talla, tana tafiya a Windows da Mac da Linux, tana aikawa da UTF-8, ba ta buɗe hotunan da ke nesa sai an ba ta izini, abin da ke hana mai talla sanin an karanta saƙonsa. Ba ta rasa aibi ba. Tana da ɗan nauyi a tsohuwar kwamfuta, saitunanta suna da yawa har su tsorata baƙo, kuma ƙarin da mutum ya saba da shi yakan daina aiki in an yi babban sabuntawa.

Apple Mail ba ta bukatar dogon bayani. Jikar manhajar NeXT ce, tana zuwa da kowace Mac tun 2001, tana da tsabta, ta iya haruffa, tana karɓar Exchange, tana kuma iya fitar da akwati cikin siffar mbox. Mai Mac ba shi da dalilin neman wata sai in yana da bukata ta musamman. Ba ta dai fita gidan Apple.

A Linux akwai Evolution, wadda ta fi kowace kama da Outlook ta kuma daɗe tana magana da Exchange, da KMail. Akwai Claws Mail, wadda ta tsiro daga Sylpheed ta Hiroyuki Yamamoto a 2001, tana tafiya a Windows ma. Ba ta rubuta wasiƙa mai ado sai tsurar rubutu, amma tana gudu a kwamfutar da sauran suka gaza, kuma kwalejin da ke da tsofaffin na'urori ya kamata ta san da ita. Mutt ta Michael Elkins, ta 1995, da Alpine magajiyar Pine ta Jami'ar Washington, ba su da hoto, na waɗanda suka saba ne. Cikin na kuɗi, eM Client ta ƙasar Cek tana da kyau, kyauta ce ga akwati 2 in ba don kasuwanci ba, amma tana ajiya cikin rumbu irin nata.

Siffar ajiya

An ambaci mbox, ya kamata a faɗi ko mene ne, domin a kansa hukuncin wannan takarda ya rataya. Fayil ne na tsurar rubutu, wasiƙu jere ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fara da layin da ke nuna mafarinta. Ya girmi duk manhajojin da aka lissafa, kusan dukansu kuma suna karanta shi, ko da kuwa babu manhaja ana iya buɗe shi da abin rubutu na kwamfuta a ga abin da ke ciki. Da shi Thunderbird take ajiya, da shi kuma Google yake ba mutum wasiƙunsa in ya nema ta Takeout. Yana da halinsa: wasiƙar da aka share tana nan cikin fayil sai an matse jakar, kuma an sha ganin manhajar kashe ƙwayar cuta ta tarar da mugun abu cikin wasiƙa ɗaya ta kama akwatin duka. Maildir da MH, waɗanda Evolution da Claws Mail ke aiki da su, sun kauce wa wannan ta ba kowace wasiƙa fayil nata. Duka ukun a buɗe suke, ba mallakar kowa ba.

Masu nazarin adabi sun san abin da wasiƙun marubuta da editoci suke ba mai bincike bayan shekara 50. Wasiƙun masanan wannan zamani ba za su kai ga wani gidan adana tarihi ba sai in wani ya fitar da su daga saba ya ajiye cikin siffar da za ta karantu.

Zaɓe

Ga yawancin malamai Thunderbird ce ta fi dacewa, ba don ta fi sauran kyan gani ba, sai don ta haɗa abubuwa 4 da babu wata da ta haɗa: ba ta da kuɗi, tana bin mutum ko wace irin kwamfuta ya koma, tana zuwa saba kai tsaye ba ta hannun wani ba, kuma ajiyarta a buɗe take. Wanda makarantarsa ke kan Microsoft 365, aikinsa kuma ya rataya ga kalandar sashe, kamar shugaban sashe ko jami'in jarrabawa, gara ya riƙe tsohuwar Outlook domin akwatin ofis, ya sa na kansa a Thunderbird. Raba su ma alheri ne, gama akwatin ofis na ofis ne. Akwai kuma makarantun da masu kula da sabarsu suka rufe IMAP ko suka hana manhajar waje shiga. A tambaye su tukuna kafin a ɓata yini ana zargin manhaja. Mai kwamfutar da ke kan Windows 7 ya sani Thunderbird 115 ce ta ƙarshe da ke tafiya a kanta, Windows 10 ma an daina tallafa mata na yau da kullum ran 14 ga Oktoba 2025. Tsohuwar na'ura irin wannan ta fi aminci in an sa mata Linux.

Ko wacce aka zaɓa, a gwada ta kafin a amince mata. A rubuta wasiƙa mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu a kan magana da cikin jiki, a liƙa fayil mai ƙugiya a sunansa, a aika wa abokin aiki mai wata manhaja dabam, a roƙe shi ya amsa ba tare da ya share asalin ba, domin sau da yawa a dawowa ne harafi yake lalacewa. Sa'an nan a nemi kalmar ƙasa a wurin bincike, a sake neman kasa, a ga abin da kowace ta fitar. Tun da masu rubuto wasiƙa da yawa ba su sa ƙugiya, mai neman tsohuwar wasiƙa zai riƙa nema sau biyu. Daga baya a cire intanet a ga ko wasiƙar bara tana buɗuwa har da abin da aka liƙa mata. In ba ta buɗu ba, ba a umurci manhajar ta sauke kome da kome ba, sai a gyara a saituna. Shigar da haruffan kuwa ba aikin manhajar wasiƙu ba ne: Windows tana da tsarin allon rubutu na Hausa, akwai kuma Keyman ta SIL.

Saura maganin tarkon madubi. Thunderbird tana da wani sashe na jakunkunan gida waɗanda ba su da alaƙa da kowace saba, Apple Mail tana da irinsa, a tsohuwar Outlook kuwa fayil ɗin PST na dabam ne ke yin wannan aiki. Abin da aka kwafa zuwa can ya fita daga ikon saba, ko an rufe akwatin yana nan. A ƙarshen kowane zangon karatu sai a kwafe wasiƙun da ke da daraja zuwa can, waɗanda aka karɓa da waɗanda aka aika, sa'an nan a kwafe jakar manhajar duka zuwa faifai na waje wanda ba a ajiye shi ɗaki ɗaya da kwamfutar ba. Wanda ke shirin barin wata makaranta ya yi wannan tun kafin ya miƙa takardar ajiye aiki, ya kuma nemi sanin dokar makarantar game da takardun ofis, domin sakamakon ɗalibai da rahotannin sirri ba nasa ba ne da zai tafi da su.